SA'ADU ƊAN ABI WAƘƘAS (R.A): JAGORAN DA YA KARYA GIWAYEN FARISA YANA KWANCE BA LAFIYA



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W) da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, da wuya ka sami yaron makarantar allo a Ikara ko Makarfi ko Kudan da bai haddace Suratul Fil ba. Haka kuma da wuya ka sami wanda bai ji labarin Abrahata ba, Bahabashen nan mai mulkin Yaman da ya taso da runduna, giwa a gaba, wajen shekarar 570 Miladiyya, da nufin rushe Ka'aba. Giwar ta durƙusa ta ƙi nufar Makka, Allah Ya aiko da tsuntsaye ɗauke da duwatsu aka gama da su. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, bayan shekara sittin da 'yan kai Musulmi sun yi karo da giwaye a ƙasar Iraƙi. Wannan karon guda 33 ne, kuma ko tsuntsu ɗaya bai sauko ba. Wanda Allah Ya ɗora wa nauyin wannan rana shi ne Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A), mutumin da addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Yau tarihinsa za mu bi, mu ga yadda mai karɓaɓɓiyar addu'a yake yi idan giwa ta tunkaro shi.

ASALINSA DA MUSULUNTARSA

Sunan mahaifinsa Maliku ɗan Uhaibu, Abu Waƙƙas alkunya ce. Baƙuraishe ne daga Banu Zuhra, dangin Nana Aminatu mahaifiyar Manzon Allah (S.A.W). Shi ya sa Annabi yake kiransa kawunsa, har yana nuna shi ga mutane cikin alfahari.

An haife shi a Makka shekara ashirin da wani abu bayan Shekarar Giwa, wato ya taso a hannun dattawan da suka ga abin da idonsu. Ibn Ishaƙ ma ya ruwaito cewa Nana A'isha (R.A) ta ga mai jan giwar Abrahata da mai kula da ita a Makka, duk sun makance suna bara. Ka ga ke nan labarin bai tsufa ba lokacin ƙuruciyar Sa'adu.

Sana'arsa tun yana yaro fiƙe kibau da gyara su. Ya musulunta a hannun Sayyidina Abubakar (R.A) yana ɗan shekara 17 ko kusa da haka, cikin mutanen farko-farko. Mahaifiyarsa Hamnatu 'yar Sufyan, da ta ji labari, sai ta rantse ba za ta ci ba, ba za ta sha ba, har sai ya bar wannan addini ko ta mutu a riƙa yi masa gori. Sa'adu yaro ne mai tsananin biyayya ga uwa, abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Amma ya nuna mata cikin ladabi cewa ko rai nawa gare ta, suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, ba zai bar addininsa ba. Da ta ga ba sauyi, ta haƙura ta ci abinci. A kan wannan ne malaman tafsiri suka ce ayoyin Suratul Ankabut da Suratu Luƙman suka sauka, masu umarni da kyautata wa iyaye tare da hana yi musu biyayya a kan shirka.

TARE DA MANZON ALLAH (S.A.W)

Bayan Hijira, a shekara ta 1, ya fita cikin tawagar Ubaidatu ɗan Haris zuwa yankin Rabig. A nan ya harba kibiyar da malaman tarihi suka ce ita ce ta farko da aka harba saboda Allah. Ya halarci Badar a shekara ta 2, inda ƙaninsa Umairu, yaro matashi da ya riƙa ɓuya cikin sahu don kada a mayar da shi gida, ya yi shahada. A Uhudu, shekara ta 3, lokacin da sahu ya watse, Sa'adu na cikin 'yan kaɗan da suka tsaya kusa da Annabi. Annabi da hannunsa yake miƙa masa kibau yana umartarsa ya harba, har ya fansar masa da iyayensa biyu.

Wani dare a Madina barci ya ƙaurace wa Annabi (S.A.W), ya yi fatan a sami wani salihin bawa da zai yi gadinsa. Sai aka ji motsin makami a waje, ashe Sa'adu ne ya taho da kansa ba wanda ya aike shi. Annabi ya roƙa masa Allah Ya riƙa amsa addu'arsa, kuma yana cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna tun suna duniya.

A shekara ta 10, lokacin Hajjin Bankwana, ciwo ya kwantar da shi a Makka har ya fitar da rai. Yana da dukiya, magajiyarsa kuwa 'ya ɗaya ce a lokacin. Ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku sadaka, Annabi ya hana. Ya nemi rabi, aka hana. Aka tsayar masa da ɗaya cikin uku, tare da nuna masa cewa wannan ma da yawa, kuma barin magada a wadace ya fi a bar su suna roƙon mutane. Daga nan aka samo hukuncin wasiyya da muke aiki da shi har yau. A wannan zaman ne Annabi ya yi masa fatan tsawon rai har wasu mutane su amfana da shi, wasu kuma su cutu. Ku riƙe wannan, za mu ga inda ya tabbata.

ME YA SA GIWA TAKE DA BAN TSORO A FAGEN FAMA?

Mu a ƙasar Hausa giwa ba dabbar yaƙi ba ce. Kakanninmu da doki suka yi yaƙi, da lifidi da sulke da mashi. Giwa sai dai a dawa, sai kuma a kirarin sarakuna, a ce toron giwa. To amma a Indiya da Farisa an daɗe ana horar da ita. Ana ɗaura mata wani akwatin katako a gadon baya da manyan majayai, maharba su zauna a ciki, mai tuƙa ta kuma ya zauna a wuyanta.

Namijin giwar Indiya yakan kai tan 4, wato nauyin buhun masara arba'in, yana tafe da ƙafafunsa. Babbar illarta kuwa a kan dawaki take. Dokin da bai saba da ita ba, da ya ga girmanta ya ji warinta, sai ya tubure ya juya da mahayinsa. Ku kwatanta dawakin hakimai a hawan Sallah a Zariya, sun jeru sun yi kyau, sai a sako musu abin da ba su taɓa gani ba. Duk ƙwarewar mahayi, linzami ba zai yi aiki ba.

Manyan mayaƙan duniya sun ɗanɗana wannan. Iskandar na Masedoniya ya sha wuya a hannun giwayen sarki Foras a Indiya, shekara 326 kafin Miladiyya. Hanibal na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya tsallaka duwatsun Alf da giwaye ya faɗa wa Rumawa a shekara 218 kafin Miladiyya. Amma tun a wancan zamani masu lura sun gane cewa giwa tana da aibi babba: idan ta ji ciwo ko ta firgita, ba ta san nata ba, ba ta san na wani ba. Wanda ya kawo ta ma sai ta bi ta kansa.

YAƘIN GADA: DARASI MAI TSADA

Karon farko da Musulmi suka gamu da giwayen Farisa gaba da gaba, abin bai yi daɗi ba. A shekara ta 13 bayan Hijira, 634 Miladiyya, Sayyidina Umar (R.A) ya tura Abu Ubaidu As-Saƙafi zuwa Iraƙi. Kogin Furatu ya raba shi da rundunar Farisa ƙarƙashin Bahman Jazawaihi. Farisawa suka ba shi zaɓi, ko ya tsallako ko su su tsallaka. Masu gogewa a cikin rundunarsa, irin su Saliɗu ɗan Ƙais, suka ba shi shawara kada ya tsallaka, ya bar sahara a bayansa don in abu ya ɓaci a sami wurin ja da baya. Abu Ubaidu jarumi ne na gaske, bai so a ce Farisawa sun fi Musulmi rashin tsoron mutuwa, sai ya tsallaka gadar.

Wuri ya yi musu ƙunci. Giwaye suka taho da ƙararrawa a jikinsu, dawakin Musulmi suka ƙi gaba. Abu Ubaidu ya sauka a ƙasa ya tunkari wata farar giwa, ya sare ta a hannu, ita kuma ta take shi ya yi shahada. Wani daga cikin Musulmi ya je ya yanke gadar wai don kada kowa ya gudu, sai jama'a suka riƙa faɗawa ruwa. Kimanin mutum 4,000 aka rasa, tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda ruwa ya ci. Musanna ɗan Harisa ne ya tsaya ya kare sauran har aka gyara gadar suka tsallake, shi ma da munanan raunuka.

Allah Ya jiƙan Abu Ubaidu, ba wanda yake shakkar imaninsa ko jarumtarsa. Sai dai an ba shi shawara bai ɗauka ba, kuma al'umma ta biya farashin.

ZAƁEN SA'ADU

Da Yazdajirdu na Uku, sarkin Farisa, ya tara gagarumar runduna ƙarƙashin Rustum, Sayyidina Umar ya yi niyyar fita da kansa. Manyan sahabbai suka hana shi, Abdurrahman ɗan Aufu ya kawo sunan Sa'adu, wanda a lokacin yake aikin karɓar zakkar Hawazin. Da Umar zai sallame shi, ya gargaɗe shi kada ya ruɗu da cewa ana kiransa kawun Annabi, domin babu dangantaka tsakanin Allah da kowa sai ta biyayya. Ya kuma tsoratar da shi zunubin runduna fiye da makamin abokan gaba.

Sa'adu ya bar Madina da mutum 4,000, ana ta ƙara masa a hanya har suka haura 30,000, cikinsu akwai fiye da mutum 70 da suka halarci Badar. Musanna ya rasu da raunukan Yaƙin Gada kafin su haɗu, amma ya bar wasiyya ta hannun ɗan uwansa: a yaƙi Farisawa a bakin iyaka, kusa da sahara, kada a kutsa cikin ƙasarsu. Sa'adu ya karɓi wannan shawara, ya sauka a Ƙadisiyya. Yana rubuta wa Umar bayanin wurin dalla-dalla, yana aika 'yan leƙen asiri, yana tura jakadu irin su Rib'iyyu ɗan Amir da Mugira ɗan Shu'uba su gabatar wa Rustum da Musulunci kafin a zare takobi.

Da magana ta ƙi, sai tambayar nan ta Yaƙin Gada ta dawo: wa zai tsallaka? Akwai wani rafi da ake kira Atiƙ a tsakaninsu. Sa'adu ya ce Farisawa su tsallako. Suka kwana suna cike rafin da ƙasa da ciyayi suka ƙetaro, ruwa ya koma bayansu su. Ka ji wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Ana cikin haka sai jarrabawa ta zo ta wata fuskar. Marurai suka fito wa Sa'adu, ga ciwon jijiyar ƙugu, ba ya iya zama balle hawan doki. Aka hau da shi saman wani tsohon gini mai suna Ƙudais, ya kwanta rub da ciki a kan matashi yana hangen fili. Ya naɗa Khalidu ɗan Urfuɗa mataimakinsa, yana rubuta umarni a 'yan takardu yana jefo masa. Wasu har suka fara gunaguni da habaici, sai da ya nuna musu halin da jikinsa yake ciki.

KWANA HUƊU A ƘADISIYYA

An gwabza a shekarar 636 Miladiyya bisa abin da ya fi shahara. Imam Ɗabari ya kawo cewa giwaye 18 suna tsakiyar rundunar Rustum, 15 kuma a gefuna biyu.

Rana ta farko, Farisawa suka sako giwaye kan ƙabilar Bajila. Abin da ya faru a Yaƙin Gada ya fara maimaita kansa, dawaki suka watse. Sa'adu ya tura Banu Asad ƙarƙashin Ɗulaiha ɗan Khuwailid su kai ɗauki, giwayen suka juyo kansu, Banu Asad suka rasa mutum wajen 500 a wannan yini. Sai Sa'adu ya aika wa Asimu ɗan Amru na Banu Tamim ya nemo dabara. Asimu ya raba mutanensa biyu. Maharba suka riƙa kakkaɓo waɗanda suke saman giwayen, wasu kuma suka zagaya ta baya suka yanyanke majayan. Akwatunan suka rikito da mutanen ciki, giwaye suka koma ba mahaya.

Rana ta biyu ba a ga giwa ko ɗaya ba, Farisawa suna can suna gyaran akwatuna. A ranar ne agaji ya fara isowa daga Sham, Ƙa'aƙa'u ɗan Amru, ɗan uwan Asimu, yana gaba da mutum 1,000. Ya kasa su goma-goma, kowane kashi ya iso da kabbara da ƙura bayan na gabansa, har Farisawa suka ɗauka agajin ba shi da iyaka. Ya kashe Bahman Jazawaihi, wanda ya jagoranci Farisawa a Yaƙin Gada. Sannan aka lulluɓe raƙuma da tsummoki aka rufe musu fuska suka zama wata halitta daban, aka kora su cikin dawakin Farisa. Abin da giwa ta yi wa dawakin Musulmi jiya, yau raƙumi ya rama musu.

Rana ta uku giwaye suka dawo, kuma Farisawa sun yi wayo: kowace giwa an kewaye ta da dakaru masu tsaron majayinta. Dabarar shekaranjiya ta mutu. To a nan ne, 'yan uwa, nake so mu tsaya mu lura. Sa'adu mai karɓaɓɓiyar addu'a ne, kuma ya san labarin tsuntsayen Abrahata fiye da ni da kai. Ya yi addu'a, ya sa an karanta wa runduna Suratul Anfal tun ranar farko. Amma bai tsaya nan ba. Ya aika aka kira masa wasu Farisawa da suka musulunta suka shigo rundunarsa, ya tambaye su ina ne makasar giwa. Suka ce ido da hannunta, in aka lalata waɗannan ba ta da sauran amfani.

Ya kuma lura cewa akwai manyan giwaye biyu da sauran suke bi, wata fara da wata mai ƙazuwa. Ya ba Ƙa'aƙa'u da Asimu farar, ya ba Hammalu da Ribbilu na Banu Asad mai ƙazuwar. 'Yan uwan nan biyu suka tunkari farar da masu, suka soke ta a idanu lokaci guda, ta girgiza kai ta yar da mai tuƙa ta, Ƙa'aƙa'u ya sare hannunta ta faɗi. Mai ƙazuwar kuwa aka tsiyaye mata ido ɗaya aka raunata hannunta, ta riƙa kai-kawo tsakanin sahu biyu tana kururuwa, daga ƙarshe ta keta sahun Farisawa ta faɗa rafin Atiƙ. Sauran giwayen kaf suka bi ta, suna tattake masu su.

Aka kwana ana fafatawa a daren da ake kira Lailatul Harir, Sa'adu yana sama bai runtsa ba yana addu'a. Washegari iska mai ƙarfi ta taso ta yaye rumfar Rustum, Hilalu ɗan Ullafa ya cim masa ya kashe shi, rundunar Farisa ta karye. Dubban Musulmi sun yi shahada a waɗannan kwanaki. A Madina kuwa, kullum Sayyidina Umar sai ya fita bayan gari yana jiran labari. Da ɗan saƙon Sa'adu ya iso, Umar ya riƙa bin raƙuminsa da ƙafa yana tambayarsa, shi kuwa bai san Halifa ba ne sai da suka shiga gari ya ji ana gaishe shi.

BAYAN NASARA

A shekara ta 16 Sa'adu ya isa Mada'in, babban birnin Kisra. Kogin Dijla ya cika, Farisawa sun janye jirage. Asimu ya fara shiga da wasu zaɓaɓɓu suka kame ɗaya gaɓar, sannan runduna ta bi a kan dawaki, Salmanul Farisi yana gefen Sa'adu. Ya shiga fadar Kisra ya yi sallah raka'a takwas ta godiya. A shekara ta 17 ya kafa birnin Kufa bisa umarnin Umar. Fatan da Annabi ya yi masa a Makka ya tabbata: wasu sun amfana, wasu sun cutu.

Amma ɗan Adam ba a iya masa. Wasu mutanen Kufa suka kai ƙararsa Madina, har da cewa wai bai iya sallah ba. Mutumin da ya koyi sallah a bayan Annabi! Umar ya tura Muhammadu ɗan Maslama ya bi masallatai yana tambaya, kowa sai yabo, sai mutum ɗaya, Usamatu ɗan Ƙatada, da ya miƙe ya zarge shi da rashin adalci a rabo da hukunci da ƙin fita yaƙi. Sa'adu ya roƙi Allah, in mutumin nan ƙarya yake don a gan shi, Ya tsawaita rayuwarsa da talaucinsa, Ya jefa shi cikin fitina. Bukhari ya ruwaito cewa an ga mutumin ya tsufa tukuf, girarsa ta rufe idanunsa, yana tare 'yan mata a hanya, yana faɗa da bakinsa cewa addu'ar Sa'adu ce ta kama shi. Masu yi wa malamai da shugabanni ƙazafi a Facebook don a danna musu alamar so, a yi hattara.

Umar ya sauke shi don a zauna lafiya. Amma da aka soke shi a shekara ta 23, ya sa Sa'adu cikin mutum shida da za a zaɓi Halifa a cikinsu, ya kuma bayyana cewa bai cire shi don gazawa ko ha'inci ba.

TAKOBIN DA YA ƘI ZAREWA

Bayan shahadar Sayyidina Usman (R.A) a shekara ta 35, fitina ta ɓarke tsakanin Musulmi. Aka yi ta zuwa wurin Sa'adu ana neman ya shigo, wasu ma suna kwaɗaita masa halifanci, har da ɗansa Umar. Ya ƙi. Sharaɗin da ya kafa shi ne a kawo masa takobi mai idanu da harshe, wanda zai riƙa faɗa masa wanda ya halatta a sara da wanda bai halatta ba. Ya koma cikin dabbobinsa a bayan Madina, ya hana a kawo masa labarin rikicin. Bai yarda ya zagi Sayyidina Aliyu (R.A) ba, ya ma riƙa ambaton falalarsa a gaban masu mulki.

Ba wanda zai ce tsoro ne ya hana shi, mutumin Uhudu da Ƙadisiyya ne fa. Halinsa ɗaya ne a wuraren biyu: ba ya sara sai ya san abin da yake sara.

Ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Da ajali ya matso, ya sa aka ɗauko wata tsohuwar jabbar ulu da ya yi yaƙin Badar da ita, wadda ya adana shekara hamsin da wani abu, ya ce a yi masa likkafani da ita. Ya rasu a gidansa da ke Aƙiƙ a shekara ta 55 bayan Hijira, yana da kimanin shekara 80. Aka ɗauko shi a kafaɗa zuwa Madina, gwamna Marwanu ɗan Hakam ya yi masa sallah, aka binne shi a Baƙi'a. Shi ne na ƙarshen rasuwa cikin goman nan. Musulmin Sin suna jingina masa wani tsohon masallaci a birnin Guangzhou, amma abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne kabarinsa yana Madina.

Ita kuwa giwa ta ci gaba da shiga yaƙi bayansa. Taimur ya firgita giwayen Delhi a 1398 da raƙuma masu ɗauke da ciyawa tana ci da wuta, Babur kuma ya tarwatsa na Ibrahim Lodi da igwa a Fanifat a 1526. Da bindiga ta yawaita sai aka mayar da ita 'yar dako. A Yaƙin Duniya na Biyu, a Bama, ƙasar 'yan uwanmu Rohingya, Turawan Ingila da Japanawa duk sun sa giwaye jan gungume da aikin gada. A wannan fagen ne kakanninmu na Arewa, da yawansu an horar da su a barikin Zariya, suka yi yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan uwa, mu ma muna da abin da yake firgita mu. Manomin rake a Makarfi da Kudan, da mai tumatir da barkono a Ikara, kowa ya san yadda labarin 'yan bindiga yake hana barci. Ba mu manta da harin da aka kai wa masallata a Saya-Saya ta ƙasar Ikara a watan Satumbar 2023 ba. Allah Ya karɓi shahadarsu.

Idan tsoro ya zo, wasunmu sai su ce a yi ta addu'a kawai, su naɗe hannu suna jiran tsuntsaye. Wasu su tafi wurin boka neman layar ƙarfe. Wasu kuma zuciya ta ɗebe su, su tsallaka gada ba shawara, ko su far wa duk wanda ya yi kama da wanda suke zargi, saboda yarensa ko rugar da ya fito.

Sa'adu bai bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. Lokacin Abrahata babu wata al'ummar tauhidi da za ta kare Ɗakin Allah, mutanen Makka ma duwatsu suka gudu, sai Allah Ya kare Ɗakinsa da kanSa. Da aka sami al'umma mai Alƙur'ani, sai aka ɗora mata aiki: ta roƙi Allah, ta kuma yi tanadi. Annabi (S.A.W) da kansa ya sa sulke biyu ranar Uhudu, kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Saboda haka mu ci gaba da alƙunutu da istigfari, mu gyara tsakaninmu da Allah kamar yadda Umar ya gargaɗi rundunar Sa'adu. Sannan masu unguwanni da dagatai da limamai su zauna da jama'a a yi shawara, a saurari wanda ya san daji da wanda ya san hanya ko da talaka ne ko baƙo. Sirrin giwa a bakin sababbin musulunta aka samo shi, waɗanda jiya-jiya suke cikin rundunar Rustum. Abin da aka gani na zargi a kai shi ga hukuma da jami'an tsaro, kada a watsa shi a WhatsApp ba tabbaci. Matasanmu 'yan sintiri kuma su ji tsoron Allah a kan jini. Wanda ba ka da yaƙini a kansa, mayar da wuƙarka kube ka miƙa shi ga shari'a, domin jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin bayi ranar Alƙiyama.

Shugaba kuma, ko na gida ne ko na gari, ya tuna cewa Sa'adu a kwance ya ci Ƙadisiyya, da kunnen sauraro da sanin wanda ya dace da kowane aiki.

Allah Ya ƙara wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yarda, Ya haɗa mu da shi a Aljannar Firdausi. Allah Ya zaunar da ƙasar Zazzau da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya kare mu daga zubar da jinin da bai halatta ba. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa.